Tsibirin Gobir da kayan da suka girme shi: abin da ya kamata ku sani

Wanda ya taso daga Maraɗi ya kama hanyar Gidan Rumji, kafin mota ta yi zafi, tafiyar kilomita 10 ko kusa da haka, ya iso Tsibiri. Yawancin matafiya wucewa suke yi. Direba ba ya tsayawa sai in da mai sauka, fasinja kuma hankalinsa yana can Madawa ko Ƙonni. Garin bai kama ƙafar Maraɗi ba wajen girma, a takardun hukuma ma ɗaya ne daga cikin garuruwan gundumar Gidan Rumji. Amma a nan gadon sarautar Gobir yake, kuma a nan ake ajiye da waɗansu ƴan kaya waɗanda Gobirawa ke cewa tun kaka da kakanni suke tafe da su: takobi guda, mundaye biyu, ɗaya ta zinariya ɗaya ta azurfa, sai baka da kwari.

Kaya biyar ke nan. Mutum ɗaya zai iya naɗe su cikin zane ya saɓa a kafaɗa ya yi tafiyar kwana da kwanaki. A ganina wannan rashin nauyi nasu shi ne sirrin daɗewarsu, domin Gobir sarauta ce da ta sha tashi. Tsibiri bai cika shekara 200 da kafuwa ba, alhali sunan Gobir ya shiga littafi tun ƙarni na 14.

A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a Takadda, yamma da Agadas, inda ake haƙar jan ƙarfe. Ya faɗi yadda ake narka shi a zuba shi sanda-sanda, a kai shi Barno da wata ƙasa da ya kira Kubar. Masana da yawa sun tafi a kan cewa Gobir yake nufi. A Marandet kuma, kudu da Agadas, masu tonon tarihi sun tarar da dubban ƴan tukwanen narka ƙarfe a binne, kuma akwai masana tarihin Nijar da ke danganta wannan tsohon gari da kakannin Gobirawa. A farkon ƙarni na 16 Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci Gobir da masaƙanta da dukawanta. Wato tun kafin a san za a yi wani gari wai shi Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi, Gobirawa mutane ne masu hulɗa da ƙarfe da fatauci da sana'a.

Labarin asali kuwa iri biyu ne ake ji. Na fada ya ce daga gabas aka fito, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma a littafinsa Infaƙul Maisuri ya danganta Gobirawa da Kibɗawan Masar. Na Daura ya ce Gobir ɗaya ce daga Hausa Bakwai, Duma ɗan Bawo ya kafa ta, kuma ita aka bai wa sarautar yaƙi domin ta tsare ƴan'uwanta ta arewa. Ban ga dalilin haɗa labaran biyu faɗa ba. Kowanne yana nuna yadda mutane suka ɗauki kansu a wani zamani. Abin da duka biyun ba su musa ba shi ne Gobirawa sun zauna Azbin, daga baya matsin Abzinawa ya sa suka gangaro kudu. Suka yi zama a Birnin Lalle, wanda yake cikin gundumar Dakwaro a yau, daga nan suka matsa yamma da kudu har suka shiga ƙasar Zamfara. Ana cewa a gonakin alƙalin Zamfara aka sauke su, shi ya sa wurin ya ci suna Alƙalawa. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, baƙo ya zama mai gida, Alƙalawa ta zama babban birni a bakin gulbin Rima.

Zamanin Alƙalawa shi ne wanda kowa ya sani. Shi ne zamanin Bawa Jan Gwarzo, wanda har gobe makaɗa ba su gama da sunansa ba. Shi ne kuma zamanin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta a 1754, yake karantarwa da wa'azi a Degel, cikin ƙasar Gobir. Bawa ya girmama Shehu, ya bar shi ya yi kiransa. Bayan Bawa da ƙanensa Yakuba al'amura suka yi tsami. Sarki Nafata ya kafa dokokin takura wa jama'ar Shehu, a zamanin Yunfa kuma igiya ta tsinke. Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yuni, aka ci gaba da ɗauki-ba-daɗi shekara huɗu, har Alƙalawa ta faɗi a watan Oktoba 1808, Yunfa ya mutu a cikinta.

A tsaya a nan a yi tunani kaɗan. Ranar da birni ya ci wuta, me mai gudu zai ɗauka? Ganuwa ba ta ɗaukuwa, rumbu ba ya ɗaukuwa, kushewar kakanni ma dole a bar ta inda take. Abin da ake ficewa da shi sai wanda zai shiga burgami ko ya rataya a kafaɗa. Bayan 1808 gidan sarautar Gobir ya yi kusan shekara 30 ba shi da tabbataccen mazauni. Aka naɗa sarakuna, Salihu da Gwamki da Ali, ana sauka nan a tashi can, wani lokaci a yi sulhu da Sakkwato wani lokaci a koma fagen fama. A irin wannan hali ba fada ce ke shaida wane ne sarki ba, tunda fadar babu ita. Masu zaɓen sarki ne, da tambura, da kayan gado.

A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke. Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da wasu Abzinawa suka haɗa kai suka fuskanci Muhammadu Bello, aka karya su mummunar karyawa. Sarkin Gobir Ali ya faɗi, Sarkin Katsina na Maraɗi, Rauda, shi ma ya faɗi. Bayan wannan ne Mayaƙi ɗan Yakuba ya tattara waɗanda suka saura ya zo ya kafa Tsibiri, dab da Maraɗi, inda Katsinawan da suka rasa birninsu suka riga suka kafu tun zamanin sarkinsu Ɗan Kasawa, wajen 1819. Masu gudun hijira biyu ne suka jingina da juna, kowanne da sarkinsa da tamburansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi a yi sammako a je a dawo kafin azahar ba. Haɗin ya yi ƙarfi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya bi ta Gazawa a watan Janairu 1851 kan hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina, ya tarar da ita a kewaye da shinge, ya kuma bayyana ta a matsayin garin tsaro na ƙarshe ta kudu na wannan ƙawance. Abokin tafiyarsa Adolf Overweg ya ratse ya nufi Gobir da Maraɗi a wannan shekarar. Mutanen Gazawa da Agye su sani ke nan, ƙasarsu ita ce bakin daga a wancan zamani.

Yanzu ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Waɗanda suka yi bincike a fadar Tsibiri sun rubuta cewa mai tsaron waɗannan kaya shi ne Sarkin Anna. Anna, a bakin mutanen Maraɗi, su ne Hausawan da suka riƙe al'adun gargajiya na noma da daji, waɗanda a wasu wurare ake ce wa Azna ko Maguzawa. Kowace zuriya a cikinsu da gadonta: waɗannan noma, waɗannan ƙira, waɗannan farauta, waɗannan ruwa. Bafaranshen nan Guy Nicolas ya yi shekaru yana nazarin zamansu a kwarin Gulbin Maraɗi, ya fitar da babban littafi a kai a 1975. Sarki Musulmi ne, fadarsa da liman da alƙali da malamai, amma alamun mulkinsa suna hannun shugaban waɗanda ake ɗauka su ne masu ƙasa na asali.

Wannan tsari yana da ma'ana mai zurfi. Sarautar da ta saba sauka a ƙasar wasu ta koyi cewa doki da mashi suna cin gari, amma ba su sa gero ya yi. Dole a yi amana da waɗanda suka san ƙasar, suka san inda ruwa yake da lokacin shuka. Ajiye kayan mulki a hannunsu wata hanya ce ta cewa sarautar nan ba ta mutum ɗaya ba ce. Sarki yana mutuwa, wani lokaci a tuɓe shi, ƴaƴan sarki su yi ta ja-in-ja, amma kayan ba su cikin abin da ake rabawa a gado, ba kuma wanda zai kwashe su ya ce shi ne sarki don ya riga kowa shiga ɗaki. Haka sauran tsarin fadar yake, iko a rarrabe. Akwai Taran Gobir, manyan sarakuna tara masu zaɓen sarki, irin su Ubandawaki da Galadima da Sarkin Rafi da Sarkin Tudu. Akwai Inna, mace daga gidan sarauta, mai faɗa a ji, shugabar mata da ƴan bori, takwarar Iya ta Maraɗi. Akwai wankan sarauta, inda ake keɓe sabon sarki kwanaki kamar ango kafin ya fito wa jama'a. Akwai kuma buɗin daji, bikin shekara da ake yi kafin a shiga farauta, wanda Anna ke kan gaba a cikinsa.

A dubi kayan su kansu. Takobi makamin mai doki ne, na barde da ɗan sarki. Baka da kwari kuwa na dakare ne, na maharbi da manomin da ke tsare ƙauyensa. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon maharbi yana ɗaura tsirkiya ya san abin: ya kafa gindin bakan a ƙasa, ya danna da gwiwa har icen ya lanƙwasa, ya zura igiyar a tsagi, sannan ya ɗan taɓa ta da yatsa ya saurari ƙararta. Kibiyar ba ta da wani nauyi, ƙyauro ne da ɗan ƙarfe a baki, dafin da aka shafa mata shi ne aikin. Samun wannan makami na talaka a ƙunshi ɗaya da takobi da zinariya, a fahimtata, yana faɗin gaskiya game da yadda Gobir ta rayu. An yi mata laƙabi da gidan faɗa, amma faɗan ba barade kaɗai suka yi shi ba. Mundayen kuma suna tuna mana da ɗaya fuskar, ta fatauci, domin azurfar ƙasar Hausa yawancinta ta hannun fatake ta shigo.

Ba Gobir kaɗai ke da irin wannan ajiya ba. A Daura akwai rijiyar Kusugu da takobin da ake dangantawa da Bayajida. A Katsina akwai Gajere, takobin da ake cewa da shi Korau ya kashe Sanau ya karɓi sarauta, da tukunyar ƙarfe ta Korau, da Gwauron Tambari. Gajere yana ɗauke da rubutun Larabci a jikinsa, kuma masani A. D. H. Bivar ya duba shi ya yi bayaninsa a wani littafi da ya fito a 1964. A Durɓi ta Kusheyi, ƙauyen da ke gabas da Katsina, an tona kaburburan sarakunan farko a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka sami kayan ado da kwanonin ƙarfe waɗanda bincike ya nuna wasunsu daga ƙasashen Musulmi na gabas suka zo, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ƙaramin ƙauye ne, amma abin da ƙasarsa ta ɓoye ya sa an sake duban tarihin Katsina gaba ɗaya.

A ƙasar Faransa ma akwai misalin da ya dace a sani. Wani ƙauye ne a cikin duwatsun kudancin ƙasar, sunansa Konk, mazaunansa ba su taka kara sun karya ba. Wajen shekarar 866 wani ɗan zuhudu ya ɗauko ƙasusuwan wata yarinya da Kiristoci ke girmamawa, Fuwa, wadda aka kashe a garin Ajan a farkon ƙarni na 4 saboda ta ƙi barin addininta, ya kawo su Konk. Aka yi musu ma'aji na ice da aka lulluɓe da zinariya da duwatsu masu daraja, tsayinsa bai kai mita ɗaya ba. Masu ziyara suka yi ta kwarara, aka gina babbar majami'a a ƙarni na 11 da na 12, ƙauyen ya zama zango a kan hanyar masu tafiya ziyara Santiyago ta ƙasar Sifen. Da juyin juya halin Faransa ya zo a ƙarshen ƙarni na 18, hukuma tana kwashe zinariyar majami'u tana narkawa, sai ƴan ƙauyen suka rarraba kayan a tsakaninsu suka ɓoye a gidajensu, da ƙura ta lafa suka mayar. A 1837 wani jami'in kula da kayan tarihi, Prosper Mérimée, ya tarar da majami'ar tana neman rushewa ya sa aka ceto ta, a 1998 kuma UNESCO ta sanya ta cikin kayan tarihin duniya. Aƙidar da ke bayan wancan abu daban take da tamu, kayan Tsibiri kuma ba ƙashin kowa ba ne. Abin da ya kama hankalina shi ne manoman nan da suka ɓoye dukiyar da za ta iya wadata kowannensu, suka dawo da ita.

Na san akwai mai karatun da tun da aka ambaci Anna da bori zuciyarsa ta ɗan ja baya. Ina girmama wannan. Ƙasar Maraɗi ta canja ƙwarai a cikin shekara 50 da suka wuce, karatun addini ya yawaita, Anna sun ragu, da yawa daga ƴaƴansu da jikokinsu sun musulunta, wasu kuma sun shiga Kiristanci, domin ƴan mishan na SIM sun kafa tasha a Tsibiri tun 1927. Saurayin da ya yi karatu yakan ji nauyin a ce gidansu ne ke riƙe da wani abin gargajiya. Amma sanin abu daban, bauta masa daban. Takobi ƙarfe ne, munduwa ƙarfe ce, ba su amfanar da kowa ba su cutar da kowa sai da ikon Allah. Darajarsu ita ce shaida. Su ne suka ga Alƙalawa, in maganar fada ta tabbata har da abin da ya gabace ta, kuma al'ummar da ta yar da shaidarta don jin kunya, gobe wani ne zai zo ya ba ta labarin kanta yadda ya ga dama.

Haɗarin ma ba na aƙida kaɗai ba ne. Akwai gobara, akwai gara, akwai ruwa. Ambaliyar 1945 ta ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari har sai da aka tashe shi aka mayar kan tudu. Akwai kuma ɓarayin kayan tarihi, waɗanda Nijar ta ɗanɗana kuɗarsu. An gano makabartar Bura a yammacin ƙasar a 1975, masani Bube Gado ya yi tono a wurin a 1983, amma da labari ya bazu sai maharan dare suka far wa yankin, tukwane da mutum-mutumin yumɓu suka ƙare a kasuwannin Turai, ba wanda ya rubuta daga wane rami kowanne ya fito. Abin da ya fita ta wannan hanya da wuya ya dawo, ko ya dawo ma ya zama bebe, ba ya iya faɗin inda aka same shi.

Abin da nake fata bai fi ƙarfinmu ba. Da yardar Mai Martaba da masu riƙon amanar, kuma bisa sharuɗɗan da suka gindaya, a auna kayan, a ɗauki hotonsu, a duba ko akwai rubutu ko tambarin maƙeri a jikin takobin, kamar yadda aka yi wa Gajere. Abin da ya fi wannan gaggawa shi ne a zauna da tsofaffin fada da makaɗa da maroƙa a naɗi maganarsu da Hausarsu ta Gobir, domin ƙarfe yana jira, tsoho kuwa ba ya jira. Jerin sarakunan da fada ke riƙe da shi ya haura 300, kuma tun zamanin aikin shata iyaka na Tilho, tsakanin 1906 da 1909, wani tafintan Faransa mai suna Landeroin ya rubuta abin da aka faɗa masa. Bubu Hama ya fitar da littafi kan tarihin Gobir da Sakkwato a 1967. Ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo nan a Maraɗi, ga ɗalibai ƴan Tsibiri da Gidan Rumji da Agye da Gazawa suna neman abin da za su rubuta a kai don kammala karatu. Su ne suka fi kowa cancanta, domin su za su shiga zaure su durƙusa su ce ranka ya daɗe, a amsa musu a matsayin ƴaƴa.

Aikin kuwa sai ya ƙetare iyaka, domin Gobir ta rabu. Bayan zamanin Mayaƙi rikicin gida ya sa Ɗan Halima ya fice ya kafa Sabon Birni da goyon bayan Sakkwato, da Turawa suka ja layinsu kuma sai Sabon Birni da kufan Alƙalawa suka faɗa Najeriya, Tsibiri da Birnin Lalle suka faɗa Nijar. A 2010, zamanin Sarkin Gobir Abdu Bala Marafa, gwamnatin Nijar ta ɗaga sarautar Tsibiri zuwa matsayin sultan, tare da ta Katsinan Maraɗi da ta Dosso. Amma dattijon da ke da tsage shida a kunci ɗaya bakwai a ɗaya, ko a kasuwar Sabon Birni ka gan shi ko a ta Gidan Rumji, Bagobiri ne, kuma da wuya a rasa danginsa a ɗaya ɓangaren.

Ko kayan ma ba duka ke wuri ɗaya ba. A cikin kayan sarautar Katsina akwai wani babban takobi da ake kira Bebe. Katsinawa na cewa na Sarkin Gobir Yakuba ne, an ɗauke shi a fagen fama ranar da ya faɗi a yaƙin Kiyawa, wajen ƙarshen ƙarni na 18. Yakuban nan shi ne mahaifin Mayaƙi, wanda ya kafa Tsibiri.